Shatar Jirgin Ruwa a Mashigan Tekun Norwe: Me Kuɗin Mutum Ke Saya Masa?

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci a kan rubutun da ya fito a shafinku na tafiye-tafiye, wanda ya yi bayani a kan mashigan tekun ƙasar Norwe, waɗanda ake kira fiyod, ya kuma shawarci duk mai hali da ya ɗauki shatar ƙaramin jirgin ruwa ya wuni a cikinsu, maimakon ya shiga jirgin haya tare da jama'a. Ban ƙi shawarar ba, domin na zauna a yammacin ƙasar, na shiga jirgin haya, na kuma shiga na shata, kuma na san akwai bambanci. Abin da ban gamsu da shi ba shi ne dalilan da marubucin ya bayar. Ya ce jirgin shata ya fi sauri, ya fi ƙasaita, kuma hotunan da mutum zai ɗauka a cikinsa sun fi kyau. A ganina duk wanda ya ɗauki shata saboda waɗannan dalilai uku ya yi asarar kuɗinsa, kuma yana iya jefa kansa da iyalinsa cikin haɗarin da bai san da shi ba. Abin da shata ke saya wa mutum a irin wannan wuri shi ne lokaci, da damar tsayawa inda ya ga dama, da sanin matuƙin da ya tashi a bakin ruwan.

Kafin a fahimci wannan magana sai an san irin wurin da ake batu a kai. Waɗannan mashigai ba koguna ba ne, ba kuma tafkuna ba ne, teku ne ya shigo cikin ƙasa ta kwaruruwan da ƙanƙara ta haƙa. A zamanin da ƙanƙara ta lulluɓe arewacin Turai, nauyinta ya riƙa gangarowa a hankali daga tsaunuka zuwa teku, yana niƙa dutse yana yashe shi, har ya bar kwari mai zurfi mai bango a tsaye dama da hagu. Da ƙanƙarar ta narke, kimanin shekara 10,000 da suka wuce, sai ruwan teku ya malalo ya cike kwarin. Mashigin Sogne, wanda ya fi kowanne tsawo a ƙasar, ya kutsa cikin ƙasa fiye da kilomita 200, kuma zurfinsa a wani wuri ya haura mita 1,300, alhali a bakinsa, inda ya haɗu da teku, zurfin bai kai mita 200 ba, domin can ƙanƙarar ta yi rauni ta bar tudu a ƙarƙashin ruwa kamar dokin ƙofa. Wannan ne ya sa ruwan ciki yake kwance lumui a yawancin ranaku, manyan igiyoyin teku ba sa shigowa. Wannan kwanciyar ce kuma take yaudarar baƙo, har ya ɗauka wurin wasa ne.

Marubucin ya rubuta kamar dai mutum zai iya zagaye mashigan ƙasar a wuni guda. Hakan ba zai yiwu ba, kuma matakin farko na shata mai ma'ana shi ne mutum ya zaɓi reshe ɗaya ya haƙura da sauran. Wanda ya sauka a birnin Stavanger, mashigin Lyse ne kusa da shi, mai tsawon kilomita 42, inda dutsen Preikestolen yake tsaye mita 604 a saman ruwa. Wanda ya sauka a Bergen yana iya nufar mashigin Hardanger, mai gonakin tuffa a gefensa, ko ya hau jirgin ƙasa zuwa ƙauyen Flam ya shiga mashigin Aurland da na Naeroy, waɗanda rassan Sogne ne. Wanda ya je Alesund kuwa, Geiranger ce ta fi dacewa da shi. Mashigin Geiranger bai wuce kilomita 15 ba, na Naeroy kuma ya ɗara shi kaɗan, amma su biyun ne hukumar UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2005. Gajartarsu ita ce hujjata. Jirgi mai gudu zai ratsa kilomita 15 cikin abin da bai kai rabin sa'a ba, to wanda ya biya kuɗin wuni guda domin sauri, me zai yi da sauran yinin?

Amfanin shata yana bayyana ne a lokacin da matuƙi ya kashe inji. Jirgin haya yana da jadawali, ba zai tsaya ba don wani fasinja ya ga mikiya ta sauko kan ruwa, ko don wasu dabbobin ruwa sun ɗago kai kusa da gaɓa. Zai rage gudu a gaban magangarar ruwan da ake kira 'Yan Mata Bakwai a Geiranger, lasifika ta yi bayani cikin harsuna da dama, mutane su yi cincirindo a gefe guda, sa'an nan a wuce. Mai shata kuwa yana iya cewa a dakata. Idan injin ya yi shiru a mashigin Naeroy, inda faɗin ruwan yake tsukewa zuwa mita 250 kacal, duwatsu masu tsawon fiye da mita 1,000 kuma suka rufe sama ta kowane gefe, a nan ne mutum zai ji ƙarar ruwan da ke zubowa daga wurare da yawa a lokaci guda, ya ji ƙararrawar awaki a kan gangare, ya kuma gane girman abin da yake kallo, wanda hoto ba ya iya nunawa. Ba na ganin akwai wata hanyar samun wannan ban da ƙaramin jirgi da matuƙi mai haƙuri.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a waɗannan wurare, wanda kuma rubutunku bai ambata ba ko sau ɗaya, shi ne mutanen da suka rayu a jikin duwatsun. Idan jirgi ya matsa kusa da bango a Geiranger, mai lura zai hango 'yan gidajen katako a kan wasu 'yan filaye masu ciyawa can sama, inda ba zai taɓa zaton ɗan Adam ya zauna ba. Gonar Skagefla tana kimanin mita 250 a saman ruwa, kuma an ci gaba da noma da kiwo a cikinta har farkon ƙarni na 20. Tsallaken ruwa, dab da magangarar 'Yan Mata Bakwai, akwai gonar Knivsfla, wadda mazaunanta suka tashi a shekarar 1898 saboda tsoron kada dutsen da ke samansu ya rufto musu. Mutanen yankin suna ba da labarin cewa iyaye kan ɗaure ƙananan yara da igiya idan suna wasa a waje, don kada su gangara su faɗa. A mashigin Aurland ma akwai gonar Stigen, wadda a da ba a hawa gare ta sai da tsani, har ake raha cewa idan mai karɓar haraji ya iso sai a janye tsanin. Ko labarin ya faru ko bai faru ba, ya nuna yadda rayuwar take. Ga waɗannan mutane ruwan nan shi ne hanya, shi ne kasuwa, ta kansa ake kai jariri coci, ta kansa ake ɗauko ungozoma, ta kansa ake kai gawa makabarta, duk a cikin kwale-kwalen da ake tuƙawa da hannu, ko da rani ko da hunturu. A shekarar 1993 Sarki Harald da Sarauniya Sonja na Norwe sun kai baƙinsu Skagefla a bikin cikarsu shekara 25 da aure, abin da ke nuna matsayin da 'yan ƙasar suka ba waɗannan kufai. Matuƙin shata yana iya sauke mutum a gindin dutsen ya jira shi ya hau ya dawo, amma hanyar tana da tsayi da santsi, ba ta mai ciwon gwiwa ko mai jin jiri ba ce, kuma ba a hawanta da takalmin zuwa biki. Fasinjan da ya wuce da gudu yana ɗaukar bidiyo ba zai ma san akwai gidajen ba.

Saboda haka nake da ja a kan jiragen roba masu tsananin gudu, waɗanda hotonsu ne ya ƙawata shafinku. Ba na cewa haramun ne, suna da masu son su, kuma kamfanonin da ke gudanar da su sukan ba fasinja rigar da ke hana sanyi da nutsewa. Sai dai tsofaffi da mata masu juna biyu da masu ciwon baya ba su dace da su ba, domin jirgin yana dukan ruwa da ƙarfi, kuma ƙararsu tana amsa kuwwa tsakanin duwatsu ta dami kowa, har da masu ƙananan kwale-kwale da igiyar da suka tayar kan jijjiga. Wanda ya zo da iyali zai fi samun natsuwa a jirgi mai rumfa, mai ɗan ɗaki da makewayi, ko da tafiyarsa a hankali ce.

Sai batun tsaro, wanda shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Akwai shata iri biyu, kuma marubucin ya gwamutsa su. Akwai wadda mutum zai ɗauki jirgi tare da matuƙinsa, akwai kuma wadda za a ba shi jirgi ya tuƙa da kansa. Ta biyun ban ba baƙo shawarar ta ba. A dokar Norwe, duk wanda aka haifa daga ranar 1 ga Janairun 1980 zuwa yau dole ne ya mallaki lasisin tuƙin jirgin ruwa kafin ya tuƙa jirgin da ya wuce mita 8, ko wanda injinsa ya wuce ƙarfin doki 25. Wanda shekarunsa suka fitar da shi daga wannan sharaɗi bai kamata ya yi murna ba, domin doka ce ta ɗauke masa takarda, ba ta koya masa ruwa ba. Tun daga watan Mayun 2015 kuma, wajibi ne duk wanda ke waje a kan jirgin shaƙatawa da bai kai mita 8 ba ya sa rigar ceto a jikinsa muddin jirgin yana tafiya, ba wai ya ajiye ta a ƙarƙashin kujera ba. Na ga baƙi da dama suna cire ta don kada ta ɓata musu hoto. Ruwan nan ko a tsakiyar lokacin zafi da wuya ɗuminsa ya kai digiri 20, kuma a farkon kakar yawon ya fi haka sanyi nesa ba kusa ba, saboda narkakkiyar dusar ƙanƙara ce take kwarara cikinsa. Wanda ya faɗa ruwa mai irin wannan sanyi, numfashinsa ne ke fara ƙwace masa a minti na farko, daga baya hannuwansa su ƙage, ko da gwanin iyo ne. Ruwa ba sa'an kwando ba ne.

A tuna kuma da siffar wurin. Idan inji ya mutu a tsakiyar mashigi, babu igiyar anka da za ta kai ƙasa, kuma a wurare da yawa babu gaɓar da za a jingina, bango ne na dutse ya miƙe daga cikin ruwa zuwa sama. Wayar salula ma takan rasa sabis a wasu lunguna. Don haka kafin mutum ya biya ko sisin krone, wato kuɗin ƙasar, ya dace ya tambayi mai jirgin ko yana da izinin ɗaukar fasinja da kuɗi, domin jirgin da mutum ya saya don shaƙatawar kansa dabam ne da wanda hukumar kula da sufurin ruwa ta ƙasar ta amince ya yi sana'a. Ya tambaya ko akwai inshorar fasinja, ko akwai rediyon jirgi da ake kiran agaji da shi a tasha ta 16, ko akwai rigunan ceto daidai jikin yara. Ya ƙirga mutanensa, domin jirgin da zai ɗauki fasinja fiye da 12 ya shiga wani rukuni mai tsauraran sharuɗɗa. Matuƙin kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi, hasali ma shi zai fara kawo su. Wanda ya ɓata rai ko ya yi ta kwana-kwana, a bar shi da jirginsa, komai rahusar da ya yi.

Yanayi shi ne abu na gaba, kuma a nan ne masu kuɗi suka fi shiga rigima da matuƙa. Yammacin Norwe wuri ne mai yawan ruwan sama, Bergen kan samu ruwa fiye da kwana 200 a shekara. Ruwan sama kansa ba ya hana tafiya, yana ma ƙara wa magangaru ƙarfi da kyau. Abin tsoro shi ne hazo, da kuma iskar da kan faɗo daga kan tsauni ba zato, ta hargitsa ruwan da yake kwance cikin 'yan mintuna. Wanda ya biya kuɗi mai yawa yakan ji kamar jirgin da ranar duk nasa ne, sai ya matsa wa matuƙi lamba a fita ko a ƙarasa. Wannan kuskure ne babba. A kan ruwa maganar matuƙi ce ta ƙarshe, kuma abin da ya kamata a daidaita tun a tudu shi ne makomar kuɗin idan yanayi ya hana fita: za a mayar, ko za a ɗage zuwa wata rana? A sa wannan a rubuce. Mai hikima kuma yakan bar kwana ɗaya a sarari cikin tsarin tafiyarsa saboda irin haka.

Duwatsun ma ba a tsaye suke cik ba. A daren 7 ga Afrilun 1934 wani ɓangaren tsauni ya rufta cikin mashigin Tafjord, ya tayar da igiyar da ta haura mita 60 a wasu wurare, ta hallaka mutum 40. A yau hukumomi sun kafa na'urori a tsaunin Aknes, kusa da hanyar shiga Geiranger, suna auna motsin wata tsaga da ke ƙara buɗewa kowace shekara, kuma an tanadi hanyar gargaɗi da kwashe mutane. Ban kawo wannan don in tsorata kowa ba, ana sa ido a kan tsaunin dare da rana. Na kawo shi ne don mai karatu ya gane dalilin da ya sa matuƙi kan ƙi matsawa gindin wani bango duk da roƙon fasinja. Ƙananan duwatsu suna faɗowa a kai a kai, musamman bayan ruwan sama mai yawa, kuma ɗan gari ya san inda suke faɗowa.

Adalci ya sa in faɗi cewa jirgin haya na yau ba irin na da ba ne. Ƙauyen Geiranger mazaunansa 'yan ɗaruruwa ne, amma dubban ɗaruruwan baƙi ke ziyartarsa kowace shekara, kuma hayaƙin manyan jiragen yawon buɗe ido yakan taru ya tsaya a tsakanin duwatsu a ranakun da babu iska. Wannan ya sa majalisar dokokin ƙasar ta yanke a shekarar 2018 cewa a daina fitar da hayaƙi a mashigan da ke cikin jerin UNESCO, daga baya gwamnati ta tsayar da farkon 2026 ga ƙananan jiragen fasinja, da 2032 ga manya. Tun 2015 jirgin fito mai suna Ampere, mai aiki da batir zalla, ya fara ɗaukar motoci a mashigin Sogne, kuma tun 2018 akwai jirgin fasinja mai lantarki da ke zirga-zirga tsakanin Flam da ƙauyen Gudvangen ta cikin Naeroy, yana tafiya kusan ba ƙara. Mutum ɗaya ko biyu da ke son su ga wurin kawai, wannan ya ishe su, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar na shata ba. Shata tana fara yin ma'ana ne idan iyali ne ko ayarin abokai da za su raba kuɗin, ko akwai dattijo ko yaro da cunkoso zai wahalar, ko kuma akwai takamaiman wurin da ake son sauka wanda jirgin haya ba ya tsayawa. Mai ɗaukar shata ya kamata shi ma ya tambayi irin injin da jirgin ke amfani da shi, tunda yanzu ana samun ƙanana masu lantarki.

Idan an sauka a tudu kuma, akwai ladabi. Dokar ƙasar ta 1957 ta ba kowa 'yancin yawo a daji da tsauni da bakin ruwa ko da filin na wani ne, amma ba ta ba shi izinin shiga gona ko harabar gida ba, kuma 'yan matattarar jiragen da ke gaban gidaje galibi na masu gidan ne, ba a ɗaure jirgi a jikinsu sai da izini. A rufe ƙyauren shinge idan an wuce saboda dabbobi, a koma da shara cikin jirgi, kada kuma a tayar da jirgi marar matuƙi mai ɗaukar hoto a kan gidajen mutane ko a wuraren da aka hana.

Game da lokacin zuwa, magangarun sun fi cika daga watan Mayu zuwa farkon Yuli, lokacin da dusar ƙanƙarar kan tsaunuka ke narkewa, kuma a ƙarshen lokacin zafi wasu daga cikin 'Yan Mata Bakwai kan ragu su zama zare-zare. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 11 na dare, saboda haka wanda ya nemi a fita da sassafe, ko da yamma bayan manyan jirage sun tashi, zai samu ruwan kusan shi kaɗai. Wannan ma wata dama ce da jadawalin jirgin haya ba ya bayarwa. A riƙe rigar sanyi da ta ruwa ko da gari ya waye da rana.

Roƙona gare ka, ya Edita, shi ne idan za a sake buga rubutu irin wannan, a sa wa marubucin sharaɗin ya faɗi wane mashigi ya shiga, a wane wata, da wane irin jirgi, kuma ya ambaci dokokin tsaron wurin kamar yadda ya ambaci kyansa. Haka kuma a duba hotunan da ake zaɓa, domin a cikin waɗanda kuka buga akwai na wasu mutane tsaye a gaban ƙaramin jirgi yana gudu, babu ko ɗaya da ya sa rigar ceto.

Na gode da ba ni wannan fili. Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Wassalam,
Wani mai karatunku daga Bergen, ƙasar Norwe